CSU: Jam'iyyar Jiha Ɗaya Mai Faɗa A Ji A Jamus

Jam'iyyar CSU ba ta tsayawa takara ko'ina a Jamus sai a jiha ɗaya tak, wato Bavariya, da ke kudu maso gabashin ƙasar. Mutumin Hamburg ko Berlin ba zai taɓa ganin sunanta a takardar ƙuri'arsa ba. Duk da haka tana da wakilai a majalisar tarayya, tana samun ministoci duk lokacin da masu ra'ayin mazan jiya suka shiga gwamnati, kuma sau biyu shugabanta ya tsaya neman kujerar shugaban gwamnatin Jamus baki ɗaya. A gida kuwa, tun daga ƙarshen 1946 firimiyan jihar nata ne, in ban da shekara uku tsakanin 1954 da 1957. Cikakken sunanta da Jamusanci shi ne Christlich-Soziale Union, abin da ke nufin haɗakar Kiristoci masu kula da walwalar jama'a.

Bavariya ita ce mafi faɗi a cikin jihohin Jamus 16. Murabba'in kilomita 70,550 ce, kusan girman Jihar Borno, kuma mutanenta sun haura miliyan 13. Babban birninta Munich ne. A cikinta kamfanonin BMW, Audi, Adidas da Puma suke da hedkwata. Amma abin da ya fi tasiri a siyasarta shi ne tarihinta. Gidan sarautar Wittelsbach ya mulke ta tun daga 1180, ta zama masarauta mai sarkin kanta a 1806, kuma ko bayan ta shiga daular Jamus a 1871 ta riƙe sarkinta da sojojinta da gidan wayarta da jiragen ƙasanta, har zuwa rushewar sarautar a 1918. Mutanen da suka taso da irin wannan tarihi ba sa jin daɗin karɓar umarni daga wani birni na arewa, kuma a kan wannan hali CSU ta gina kanta.

Mai karatu a Nijeriya zai iya mamakin yadda doka ta yarda da hakan, domin sassa na 222 da 223 na tsarin mulkin 1999 sun wajabta wa kowace jam'iyya ta kafa hedkwata a Abuja, ta ɗauko shugabanninta daga aƙalla kashi biyu bisa uku na jihohi, kuma kada sunanta ko tambarinta ya nuna ta wani yanki ce. Jamus ba ta da irin wannan sharaɗi. Abin da ake nema shi ne jam'iyya ta sami kashi 5 cikin ɗari na ƙuri'un ƙasa baki ɗaya, ko ta lashe mazaɓu uku kai tsaye, sannan ta sami rabonta na kujeru. Yawan jama'ar Bavariya da yawan ƙuri'un da CSU ke kwasa a can sun ishe ta tsallake wannan shinge ita kaɗai.

Tushe da rigingimun farko

An kafa jam'iyyar ne a 1945, cikin ɓaraguzan Yaƙin Duniya na Biyu, daga ƙungiyoyi da suka taso a Würzburg da Munich da wasu garuruwa. Gwamnatin sojan Amurka da ke riƙe da yankin ta ba ta izinin aiki a faɗin jihar ranar 8 ga Janairu 1946. Shugabanta na farko shi ne Josef Müller, lauya ne da ya yi adawa da Hitler har aka tsare shi a sansanonin 'yan Nazi. Müller yana son jam'iyyar da za ta haɗa Katolika da Furotesta a inuwa ɗaya. Wannan ba ƙaramin buri ba ne a lokacin, saboda jam'iyyar da ta gada, BVP, wadda ta rayu daga 1918 zuwa 1933, kusan ta Katolika ce zalla, alhali yankin Frankoniya da ke arewacin jihar yana da Furotesta masu yawa. A ɗaya ɓangaren akwai Alois Hundhammer, Bakatolike mai tsauri, wanda ke son jam'iyya ta coci da tsohuwar Bavariya. Gabar da ke tsakaninsu ta yi tsanani har ta kai ga ko da CSU ta sami kashi 52.3 a zaɓen Disamba 1946, ɓangaren Hundhammer ya hana Müller zama firimiya. Aka yi sulhu a kan Hans Ehard.

A watan Mayu 1949 majalisar Bavariya ta yi abin da babu wata jiha da ta yi: ta ƙi amincewa da sabon tsarin mulkin Jamus ta Yamma, da ƙuri'a 101 a kan 63, bisa hujjar cewa ya tara iko da yawa a tsakiya. A zama ɗaya kuma ta yanke cewa idan kashi biyu bisa uku na sauran jihohi suka amince, to dokar ta hau kan Bavariya ma. An ce a'a don mutanen gida su ji, an kuma zauna cikin tarayyar don kada a yi asara. Wannan salo ya bi jam'iyyar har yau.

Barazana mafi girma a waɗancan shekaru daga cikin gida ta fito. Wata jam'iyya mai suna Bayernpartei, wadda ta fi CSU zafin kishin jiha, ta janye mata manoman karkara. A zaɓen 1950 CSU ta faɗo zuwa kashi 27.4, a 1954 kuma sauran jam'iyyu huɗu suka haɗa kai suka kafa gwamnati ƙarƙashin Wilhelm Hoegner na jam'iyyar SPD, suka bar ta a adawa duk da ita ce ta fi kowa ƙuri'a. Zaman adawar ya zame mata magani. Ƙarƙashin Hanns Seidel, wanda ya karɓi shugabanci a 1955, ta daina zama taron manyan gari da ke haɗuwa lokacin zaɓe, ta kafa ofisoshi da ma'aikata masu albashi da rassa har ƙauyuka. Ta dawo mulki a 1957. Bayan shekara biyu wata shari'a a kan lasisin gidajen caca ta kai wasu shugabannin Bayernpartei kurkuku, daga nan jam'iyyar ba ta sake yin ƙarfi ba, masu zaɓenta suka koma CSU.

Zamanin Goppel da Strauss

Daga 1962 zuwa 1978 Alfons Goppel ne firimiya, kuma a zamaninsa Bavariya ta tashi daga jihar noma ta zama jihar masana'antu. Wani ɓangare na wannan sa'a ce. Rabuwar Jamus ta sa kamfanoni irin su Siemens suka baro Berlin suka koma kudu, kuma 'yan gudun hijira Jamusawa kusan miliyan biyu da aka koro daga gabashin Turai, musamman daga Cekoslobakiya, sun zo da sana'o'in hannu da ƙwarewa. Amma gwamnatin ma ta yi aiki. An kafa matatun mai a Ingolstadt tare da bututun da ke kawo ɗanyen mai daga gaɓar Bahar Rum, an jawo masana'antar jiragen sama da ta makamai, an buɗe sababbin jami'o'i a Regensburg, Augsburg, Bayreuth da Passau, garuruwan da a da sai ɗan talaka ya yi tafiya mai nisa kafin ya ga jami'a. Ta Bayreuth ta yi suna a nazarin Afirka, har Hausa ana koyarwa a cikinta. A zaɓen 1974 CSU ta sami kashi 62.1, mafi yawa a tarihinta. Daga 1966 zuwa 2008 ta yi mulki ita kaɗai ba tare da abokin haɗaka ba.

Wanda ya ba jam'iyyar murya a tarayya shi ne Franz Josef Strauss, ɗan mahauci daga Munich, shugabanta daga 1961 har mutuwarsa a 1988. Mutum ne mai kaifin ƙwaƙwalwa da kaifin harshe, wanda magoya baya ke ƙauna matuƙa, abokan gaba kuma ke tsoro. Ya riƙe ma'aikatar makamashin nukiliya, sannan ta tsaro daga 1956. A 1962 aka kai samame ofishin mujallar Der Spiegel saboda wani rahoto a kan raunin sojojin ƙasar, aka tsare mawallafinta Rudolf Augstein kwana 103. Strauss ya musanta hannunsa a gaban majalisa, daga baya ta bayyana cewa shi ya sa aka kama marubucin rahoton a Sifen, dole ya sauka. Da wani ne, da ya mutu a siyasa ke nan. Shi kuwa bayan shekara huɗu ya dawo a matsayin ministan kuɗi, saboda tushensa yana Bavariya, inda babu mai iya taɓa shi. Ya zama firimiya a 1978, ya nemi shugabancin gwamnatin tarayya a 1980, Helmut Schmidt na SPD ya kayar da shi. Yakan tafiyar da hulɗar waje tasa ta kansa kamar shugaban ƙasa: abotarsa da Gnassingbé Eyadéma na Togo sananniya ce, haka ma kusancinsa da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, wanda ya jawo masa suka mai yawa. Filin jirgin saman Munich da aka buɗe a 1992 sunansa yake ɗauke da shi.

A zamaninsa ne aka gwada iyakar dangantakar CSU da babbar 'yar uwarta CDU. Yarjejeniyar da ke tsakaninsu mai sauƙi ce: CDU ba ta shiga Bavariya, CSU ba ta fita daga cikinta, a majalisar tarayya kuma suna zama rukuni ɗaya, ana sabunta wannan bayan kowane zaɓe. Ranar 19 ga Nuwamba 1976, a wani taro a Wildbad Kreuth, 'yan majalisar CSU suka kaɗa ƙuri'a 30 a kan 18 cewa sun raba gari da CDU. Strauss yana ganin shugaban CDU Helmut Kohl bai cancanci shugabanci ba, yana kuma tunanin CSU za ta iya bazuwa ƙasa baki ɗaya. Kohl ya mayar da martani da cewa in haka ne CDU za ta buɗe reshe a Munich. Nan take shugabannin ƙananan rassa suka yi lissafi. Idan CDU ta shigo, ƙuri'ar da ke zuwa wuri ɗaya za ta rabu biyu, rinjayen majalisar jiha ya tafi, kujerun ƙananan hukumomi su bi shi. Kafin a yi wata guda aka janye ƙudurin. Tun daga lokacin ana yawan ambaton Kreuth idan rigima ta tashi, amma ba a sake aikata shi ba, domin ƙarfin jam'iyyar a Berlin ya dogara ne kacokan a kan kasancewarta ita kaɗai a gida.

Bayan Strauss

Max Streibl da ya gaji Strauss a kujerar firimiya ya sauka a 1993 saboda zargin karɓar alfarma daga wani ɗan kasuwa abokinsa. Theo Waigel ya riƙe jam'iyyar, kuma a matsayin ministan kuɗin tarayya daga 1989 zuwa 1998 yana cikin waɗanda suka tsara kuɗin yuro. Edmund Stoiber, firimiya daga 1993 zuwa 2007, ya sayar da hannayen jarin gwamnati a manyan kamfanoni ya zuba kuɗin a bincike da fasaha. A 2002 ya kusa zama shugaban gwamnati: ɓangarensa da SPD ta Gerhard Schröder kowanne ya sami kashi 38.5, tazarar ƙuri'a kusan 6,000 ce kawai, amma abokan haɗakar Schröder sun fi nasa ƙarfi. A shekarar da ta biyo baya ya lashe kashi 60.7 a jiha tare da kashi biyu bisa uku na kujeru. Nasarar ta sa shi gaggawa. Ya ƙara wa ma'aikatan gwamnati sa'o'in aiki, ya rage shekara ɗaya daga karatun sakandare ba tare da shiri ba, ya tsuke kashe kuɗi don kasafin 2006 ya fito ba bashi. Jam'iyyar ta ture shi, amma fushin jama'a ya faɗa kan magadansa: a 2008 ta sami kashi 43.4, karo na farko cikin shekara fiye da 40 da ta nemi abokin haɗaka.

Firimiya Horst Seehofer ya dawo da rinjayen a 2013. Markus Söder, wanda ya zama firimiya a Maris 2018 kuma shugaban jam'iyya a Janairu 2019, bai iya maimaita hakan ba. Ya sami kashi 37.2 a 2018 da kashi 37.0 a 2023, yana mulki tare da Freie Wähler, jam'iyyar da ta tsiro daga ƙungiyoyin kansiloli masu zaman kansu.

Abin da take tsayawa a kai

Na farko kuma mafi daɗewa shi ne ikon jiha. Ilimi da 'yan sanda a hannun jihohi suke a Jamus, kuma CSU na tsaron waɗannan kamar ƙwai a cokali. Babban ƙorafinta shi ne tsarin da ke sa jihohi masu arziki su tallafa wa marasa ƙarfi. Bavariya ce ta fi kowa biya, sama da yuro biliyan 9 a shekara a 'yan shekarun nan, kuma a 2023 ta kai ƙara kotun tsarin mulki. Abokan hamayya kan tuna mata cewa ita ma ta ci wannan tallafi shekara da shekaru, har zuwa tsakiyar shekarun 1980.

Na biyu shi ne addini da iyali. A 1995 kotun tsarin mulki ta soke dokar da ta wajabta rataya gicciye a azuzuwan firamare na jihar. Dubban mutane suka yi zanga-zanga a Munich da firimiya a gaba, majalisar jiha kuma ta yi sabuwar doka da ta bar gicciyen a wurinsa sai in iyaye sun kawo ƙorafi mai hujja. A 2018 Söder ya ba da umarnin a rataya gicciye a mashigar kowane ofishin gwamnatin jiha, abin da har babban limamin Katolika na Munich, Kadinal Reinhard Marx, ya soka. A 2004 jihar ta yi dokar da ta taƙaita sa ɗankwali ga malaman makaranta mata Musulmi, amma kuma tun 2021 darasin Musulunci ya zama darasin zaɓi a makarantun gwamnati. A kan iyali, jam'iyyar ta dage har aka kafa alawus ga iyayen da ke renon yara a gida maimakon kai su gidan reno. Da kotu ta soke shi a 2015 bisa cewa ba hurumin tarayya ba ne, sai Bavariya ta ci gaba da biya daga aljihunta. Ƙarin fansho ga iyaye mata da suka yi reno kafin 1992, wanda ya fara a 2014, shi ma aikinta ne.

Wannan ya nuna inda ta bambanta da sauran jam'iyyun mazan jiya. Tana goyon bayan 'yan kasuwa da rage haraji, musamman harajin gado a kan kamfanonin iyali, amma ba ta jin kunyar kashe kuɗi a kan manoma, 'yan fansho da ƙananan ma'aikata, kuma ba ta taɓa yarda gwamnati ta naɗe hannu ta bar kasuwa ita kaɗai ba.

Batun baƙi ne ya fi jawo mata suna a waje. A 2015, lokacin da dubban ɗaruruwan 'yan gudun hijira daga Siriya da wasu ƙasashe suka shigo Jamus, akasarinsu ta kan iyakar Bavariya da Ostiriya suka bi. Seehofer ya nemi a ƙayyade adadi, daga baya ya ce kada ya wuce 200,000 a shekara. A babban taron jam'iyyar na Nuwamba 2015 ya bar shugabar gwamnati Angela Merkel tsaye a kan dandamali yana yi mata faɗa na mintuna da dama a gaban kyamarori. A 2018, yana ministan cikin gida, rigimar mayar da masu neman mafaka daga kan iyaka ta kusa rusa gwamnati. Bayan wannan duka akwai ƙa'idar da Strauss ya bari, cewa bai kamata wata halattacciyar jam'iyya ta samu gurbi a hannun daman CSU ba. Zafafa harshen bai hana AfD mai ƙyamar baƙi shiga majalisar jiha a 2018 ba, ya kuma kori wasu masu zuwa coci da mazauna birane zuwa jam'iyyar masu kare muhalli. A daidai wannan lokaci ɗan CSU Gerd Müller, ministan raya ƙasashe daga 2013 zuwa 2021, yana tallata shirin zuba jari a Afirka a matsayin hanyar rage ƙaura tun daga tushe.

A kan muhalli matsayinta ya sha juyawa. Bavariya ce ta fara kafa ma'aikatar muhalli a Jamus, a 1970. Jam'iyyar ta daɗe tana goyon bayan nukiliya, ta amince da rufe tashoshin bayan hatsarin Fukushima na 2011, sannan ta yi adawa da rufe ta ƙarshe a jihar, Isar 2, a Afrilu 2023. Dokarta ta 2014, da ta ce injin samar da lantarki daga iska ya nisanci gidaje da ninki goma na tsayinsa, ta kusa tsayar da wannan harka a jihar har sai da aka sassauta ta. A 2019, da mutane sama da miliyan 1.7 suka sa hannu a takardar neman kare ƙudan zuma da sauran halittu, Söder ya karɓi buƙatar ya mayar da ita doka maimakon ya bari a je ƙuri'ar raba gardama. Masu yabo na kiran wannan sauraron jama'a, masu suka na cewa bin iska ne, kuma kowanne yana da abin kafa hujja.

Ba duk abin da ta kai Berlin ne ya yi kyau ba. Harajin hanya da ta ƙirƙiro, wanda a zahiri direbobin ƙasashen waje kaɗai za su ji nauyinsa, kotun Tarayyar Turai ta soke shi a 2019, gwamnati kuma ta biya kamfanonin da aka riga aka ba kwangila diyyar yuro miliyan 243. Daɗewa a mulki ma ya zo da nasa ciwon. A 2013 ta bayyana cewa 'yan majalisar jiha da dama, yawancinsu na CSU, sun ɗauki matansu da 'ya'yansu aiki da kuɗin gwamnati.

Ƙarfinta na asali yana ƙasa, a cikin mambobi sama da 120,000 da ɗimbin magadan gari da kansiloli, da kuma shigarta cikin ƙungiyoyin kashe gobara na sa kai, na manoma da na coci. Kowace shekara, ranar Larabar da Kiristoci ke fara azumi, dubban magoya baya kan cika wani babban zaure a Passau, suna zaune a dogayen tebura da manyan kofunan giya, ana busa ƙaho, shugaban jam'iyya kuma ya shafe fiye da sa'a guda yana caccakar Berlin, ko da kuwa ministocinsa na cikin gwamnatin da yake caccaka. Sai dai wannan tushe yana zaizayewa: masu zuwa coci sun ragu, manoma sun ragu, mutane da yawa da ke zaune a Munich da Nuremberg ba a jihar aka haife su ba.

A zaɓen tarayya na 2021 rabonta na ƙasa ya sauko zuwa kashi 5.2, dab da shingen. Gyaran dokar zaɓe na 2023 ya cire kariyar mazaɓu uku, abin da zai iya fitar da ita daga majalisa gaba ɗaya, amma a Yuli 2024 kotun tsarin mulki ta dawo da kariyar har sai an yi sabon gyara. A zaɓen Fabrairu 2025 ta sami kashi 6.0 da kujeru 44, kuma a gwamnatin Friedrich Merz na CDU ta karɓi ma'aikatu uku: cikin gida ga Alexander Dobrindt, bincike da fasaha ga Dorothee Bär, noma ga Alois Rainer. Zaɓen jiha na gaba zai zo a 2028.